Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Wasu Tagwayen Kalmomin Turanci a Ƙasar 'Yandaka da ta Maraɗi

Tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar Katsina, tun ma kafin a san akwai wani harshe wai shi Ingilishi wanda za a wayi gari ana yanke wa talaka hukunci da shi, malamanmu na zaure sun daɗe da sanin cewa kalmomi biyu suna iya zama kamar Hassan da Husaini a fuska, alhali kuwa tsakaninsu akwai tazarar da ta fi ta Dutsin-Ma zuwa Birnin Katsina. Wannan fanni shi suke kira furuƙ, wato sanin rabe-raben da ke tsakanin lafuzzan da mai gajeren karatu yake zaton ma'anarsu guda ce. Abu Hilal al-Askari ya wallafa littafi sukutum a kansa ta fuskar lugga tun a ƙarni na huɗu na Hijira, shi kuma Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684, ya yi nasa ta fuskar ƙa'idojin fiƙihu. Almajirin da ya kai babin zakka ba zai wuce ba sai malam ya tsai da shi a kan fakiri da miskini, ya nuna masa cewa a mazhabarmu miskini shi ne wanda bai mallaki komai ba, fakiri kuwa yana da ɗan abin da ba zai kai shi shekara ba, Shafi'awa kuma sun juya al'amarin. Haka annabi da manzo, haka hamdu da shukru. Hausawa sun dunƙule fannin duka a cikin karin magana ɗaya, inda suka ce kama da wane ba ta wane.

Dalilin wannan muƙaddima kuwa shi ne, na lura yaranmu na yanzu, idan malamin Turanci ya jera musu kalmomi biyu-biyu a allo ya ce su rarrabe, sukan ɗauki abin a kan hadda ce ta cin jarrabawa, wadda za a zube a takarda a fito a kaɗe riga. Ni kuwa ina ganin wajibi ne wani ya tuna musu cewa a wannan yanki namu, daga ƙasar 'Yandakan Katsina, hakimin Dutsin-Ma, zuwa ƙasar Maraɗin Katsina, hakimin Kurfi, faraƙin da ke tsakanin kalmar Turanci da 'yar'uwarta bai taɓa tsayawa a bakin allo ba. Da shi aka karɓi ƙasa, da shi aka auna wa sarki iyakar ikonsa, da shi kuma aka raba gardamar wanda zai mulki Nijeriya, a wata shari'a wadda sunan wani ɗan Kurfi yake rubuce a goshin takardarta har gobe.

Farkon abin da ya buɗe mini ido a kan wannan al'amari ya faru ne ina aji huɗu na firamare a Dutsin-Ma. Wani abokina ya juyo yana neman fensir, ya ce mini "borrow me", kamar yadda kusan kowane ɗan Bahaushe yakan faɗa a farkon koyo. Malaminmu, wani dattijo mai sanyin murya wanda alli ya riga ya rine masa bakin aljihu, bai ɗauki bulala ba, sai ya ajiye littafi ya koma Hausa, ya ce, "Kai yaro, in maƙwabcinku ya zo da sassafe ya karɓi fartanyar babanka, me ya yi?" Yaro ya ce, "Aro, Malam." Ya ce, "In kuwa tiya biyu ta gero ya karɓa, zai biya da kaka fa?" Ya ce, "Wannan rance ne, Malam." Ya ce, "To, me ya raba su?" Aji ya yi tsit, sai can wata yarinya ta ce ai fartanya ita ce dai za ta dawo da kanta, gero kuwa an riga an yi tuwo da shi, sai dai a mayar da kwatankwacinsa. Malam ya ce, "Madalla, 'yata. To, Bature bai raba nan ba, fartanya da gero duk kalma ɗaya yake ba su. Shi hannuwa yake dubawa: hannun da ya karɓa shi ke da 'borrow', hannun da ya miƙa shi ke da 'lend'." Sai bayan shekaru, da na durƙusa gaban wani malami ina karanta babin mu'amala, na tarar fiƙihu ma inda Hausa ta yanka nan ya yanka, ya kira na fartanya ariya, na gero ƙardu. Daga nan na fahimci harsuna kamar mahauta suke: sa ɗaya ne a kwance, amma kowa da gaɓar da yake sa wuƙarsa, wanda kuwa bai san inda abokin cinikinsa yake yankawa ba, zai biya kuɗin tsoka ya koma gida da ƙashi.

Kakanninmu sun sha irin wannan ciniki tun ranar farko. A ranar 1 ga Janairu 1900, a Lakwaja, Gwamna Lugga ya yi shelar cewa ƙasashen Arewa sun zama "protectorate" ta Ingila, alhali Ikko, wadda suka karɓa tun 1861, sunanta "colony". A ƙa'idar dokarsu wannan ba ƙaramin faraƙi ba ne, domin ta biyun mallakar gadon sarautar Ingila ce, mutanenta talakawan Sarkin Ingila ne, ta farkon kuwa ƙasa ce mai masu ita, wadda aka yi wa inuwa aka ɗauki alkawarin tsaronta. Malamin da ya karanta babin jihadi ba zai sha wahalar gane wannan ba, tun da ya san hukuncin ƙasar da aka ci anwatan, wato da ƙarfi, daban yake da na wadda aka shiga da sulhu. Kano ta faɗi da yaƙi a watan Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Katsina kuwa a ƙarshen watan nan ta buɗe ƙofa ba tare da an gwabza ba. Amma jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato, wanda tafintoci suka juya wa manyan gari, bai bar wata shubuha ba, gama ya nuna cewa duk abin da Fulani suka samu da takobi, na naɗa sarki da tuɓe shi, da sa haraji, da iko da ƙasa, yanzu takobi ya mayar da shi hannun Turawa. Ba a cika shekara huɗu ba Katsina ta ga tafsirin wannan jawabi a aikace: aka tuɓe Sarki Abubakar aka naɗa Yero, aka tuɓe Yero aka naɗa Durbi Muhammadu Dikko a 1906. Saboda haka nake ganin bakin Hausawa ya fi takardar Bature dacewa da fassara, domin sunan da ya zauna har yau shi ne mulkin mallaka, ba a taɓa jin mai cewa mulkin kariya ba.

Kalmar sarki ma ba ta tsira ba. Mu a wurinmu rigar tana da faɗi, Sarkin Musulmi sarki ne, Sarkin Katsina sarki ne, haka sarkin pawa da sarkin kasuwa da sarkin makafi, ba kuwa wanda ya taɓa rikicewa. Turawa sai suka keɓe "king" ga nasu na Landan, suka ɗebo amiru daga Larabci suka mai da shi "emir" suka ba sarakunan tuta, saura suka ce musu "chief", sa'an nan suka jera su daraja-daraja da sanduna. Da aka sauko ƙasa kuma sai suka yi akasin haka, suka haɗe abin da muka rarrabe. 'Yandaka yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina tare da Kaura da Galadima da Durbi, Maraɗi kuwa tsohuwar sarauta ce tun zamanin Haɓe, har ana cewa daga gare ta birnin Maraɗi na Nijar ya samo suna. Kowace sarauta da tarihinta da kirarinta da mazauninta a fada, amma a takardar Razdan duk "District Head" ne, mai gunduma, mai albashi daga Baitulmali, wanda farkon abin da ake tambayarsa shi ne ko haraji da jangali sun cika.

Ba a daɗe ba Turawan da kansu suka buɗe ƙofar da za a bi a riske su har cikin harshensu. A 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina, Gwamnan Nijeriya ya zo da kansa ya buɗe ta a watan Maris 1922, ginin kuwa yana nan har yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. Daga nan aka yaye Ahmadu Bello a 1931, da Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1933, da Abubakar Imam, editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a watan Janairu 1939, da Isa Kaita, wanda ya riƙe ministan ilimi na Jihar Arewa, wanda kuma Kwalejin Ilimi ta Dutsin-Ma take ɗauke da sunansa. Ana yawan yabon daɗin furucinsu, har aka yi wa ɗayansu laƙabi da mai muryar zinariya, amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne kunnensu. Waɗannan mutane sun wanke allo kafin su riƙi fensir, sun tashi a cikin al'ummar da ta san wasali guda yana mai da fa'ili maf'uli, yana mai da mai duka wanda aka doka. Kunnen da ya sami irin wannan tarbiyya ba zai bar ƙaramar kalmar Turanci ta wuce shi yana zaton ado ce ba.

Ga babban misali, wanda na fi so mai karatu ya tsaya a kansa. Har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan sarakunan Arewa a doka kowannensu shi kaɗai ne En'e. Ma'anar wannan ga manomin Kurfi, ko ga makiyayin da ke shayar da shanunsa a Karaduwa, ita ce alƙali da ɗan doka da gidan yari da Baitulmali da malamin daji da naɗin dagaci duk igiyarsu a hannun mutum ɗaya take, ba mai ce masa don me sai Razdan. Wannan kuwa iko ne wanda magabata ba su so amiri ya keɓanta da shi ba, domin Malam Abdullahi na Gwandu ya sha nanata matsayin shawara a cikin rubuce-rubucensa na siyasar shari'a. A watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, a zamanin da furta haka yake bukatar ƙarfin zuciya ƙwarai, ko da yake shi gyara kayanka yake nufi, ba sauke mu raba ba. A 1952 aka soke kaɗaitar sarki da iko, dokar En'e ta 1954 kuma ta tabbatar da wasu nau'o'i biyu waɗanda sunayensu suka yi kama da juna kamar an tsaga kara: ɗaya "Chief-in-Council", ɗaya "Chief-and-Council".

Duba da kyau, babu abin da ya raba su face kalmar tsakiya, mai harafi biyu a nan, mai harafi uku a can, wato sarki cikin majalisa da kuma sarki da majalisa. A na farko wajibi ne sarki ya shawarci majalisarsa, amma in ya ga dama yana iya saɓa wa ra'ayinsu ko da sun haɗu a kai, sharaɗi dai ya sanar da gwamnati cewa ya saɓa. A na biyu kuwa shi shugaban zama ne, abin da mafi yawa suka tsayar shi ne hukunci, ko ransa yana so ko ba ya so. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan wannan mas'ala ba tare da sun jira Bature ba, suna tambaya shin shawara mu'ulima ce ko mulzima, wato sanar da shugaba kurum take yi ya zaɓi abin da ya gani, ko kuwa lazimta masa take yi. To, "in" ita ce mu'ulima, "and" ita ce mulzima. Katsina, a ƙarƙashin Sarki Usman Nagogo wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981, da sauran manyan masarautu, "in" aka ba su. Abin da yake sosa mini rai a nan shi ne nauyin da ya hau kan tafinta. Hausa tana da tsohuwar magana a shirye, sarki da 'yan majalisarsa, wadda harshe yake zamewa gare ta ba da niyya ba. Tafintan da ya yi sakaci ya ba nau'o'in nan biyu wannan fassara guda, to, ya binne faraƙin da aka yi shekaru ana gwagwarmaya a kansa, talakan da ya kawo kuka kuma zai koma ƙauye yana zaton mutum goma ne suka duba maganarsa, alhali a doka mutum ɗaya yana iya rufe ta. A ganina babban rabo na rigimar 'yan Sawaba da En'e a shekarun nan, in aka tace shi, neman a ɗauke "in" ne a sa "and".

A tsakanin haka aka yi wata karawa a Ikko. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo batu a Majalisar Wakilai cewa Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya miƙe ya nemi a cire shekarar a sa "as soon as practicable". Bai ce "possible" ba, zaɓin kuwa na mai kunne ne. Duk wanda ya karanta tauhidi a zaure ya san hukunci uku ne, na hankali da na al'ada da na shari'a, ya kuma san abu yana iya zama ja'izi a hankalce alhali al'ada ba ta gudana da shi ba. "Possible" shi ne ja'izin hankali, abin da ba mustahili ba ne. "Practicable" kuwa shi ne abin da hali da kayan aiki da mutanen da za su ɗauki nauyi suka ba da damar a aikata. Hujjar Arewa ita ce masu ilimin bokon da za su riƙe ofisoshi ba su taka kara sun karya ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Kudu kuwa abin da suka ji a cikin kalmar shi ne jinkiri marar wa'adi, ba zan kuma ce tsoronsu ba shi da tushe ba, domin alkawarin da ba a yanka masa rana ba yana hannun mai alkawari. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko, a watan Mayu jini ya zuba a Kano, aka tafi taron Landan, a 1954 aka koma tsarin tarayya. Daga baya kowa ya koyi rabe "self-government" da "independence" da kwanan wata: mulkin kai Arewa ta same shi ranar 15 ga Maris 1959, shekara 56 cif bayan faɗuwar Sakkwato, 'yancin kai kuwa sai 1 ga Oktoba 1960.

Soja suka zo, suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, kalmar "native" da ke cikin sunanta na Turanci ma ta zama abin ƙyama aka yar da ita. A gyaran 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, Dutsin-Ma tana cikinsu, majalisar sarki ta koma mai ba da shawara, wato wanda a da ake jayayya ko shawara tana lazimtarsa, shi ne yanzu ake jin tasa a ɗauka ko a bari.

Yanzu mu zo ga shari'ar da na ambata da farko. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta 1979, jihohi kuwa a lokacin 19 ne. Dokar zaɓe ta gindaya sharaɗi biyu, mutum ya fi kowa yawan ƙuri'a, ya kuma sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kowace ɗaya daga cikin sulusanin jihohin tarayya. Alhaji Shehu Shagari ya sami ƙuri'a 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo 4,916,651, saboda haka sharaɗin farko ba gardama. Shagari ya cika rubu'i a jiha 12. A ta goma sha uku, wato Kano, inda Malam Aminu Kano ya kwashe mafi yawa, ya sami 243,423 daga cikin 1,220,763, abin da bai kai kashi 20 cikin 100 ba. To, nawa ne sulusanin 19? A lissafi 12 ne da 2/3. Awolowo ya ce jiha ba ta gutsuruwa, don haka 13 ake nufi, ita kanta hukumar zaɓe ma da 13 ta yi aiki lokacin rajistar jam'iyyu. Lauya Richard Akinjide ya ce a'a, a ɗauki sulusanin ƙuri'un Kano, wato 813,842, a fid da rubu'insu, wato 203,460 da rabi, Shagari kuwa ya haura wannan. A nan tagwayen ba su fito fili ba, a cikin cikin kalma ɗaya suke kwance, irin lafazin da masana usulu suke kira mushtaraki: shin "state" ƙasa ce mai iyaka da suna wadda ba ta rabuwa, ko kuwa tarin ƙuri'u ce da za a iya aunawa da mudu?

Hukumar zaɓe, wato Fedeko, ta bi fassara ta biyu, ta shelanta Shagari ranar 16 ga Agusta. Da Awolowo ya kai ƙara, wanda aka rubuta na biyu a cikin waɗanda ake ƙara shi ne Alhaji Ahmadu Kurfi, sakataren hukumar kuma babban jami'in zaɓe na tarayya, wanda daga baya ya zama Maraɗin Katsina, hakimin Kurfi, ya kuma wallafa littafi a 1983 a kan zaɓen 1959 da na 1979. Ranar 26 ga Satumba, saura kwana biyar soja su miƙa mulki, Kotun Ƙoli a ƙarƙashin Babban Joji Atanda Fatai-Williams ta kori ƙarar, alƙali shida a gefe guda, Mai shari'a Kayode Eso shi kaɗai ya saɓa musu, yana tsaye a kan 13. In an tambaye ni, ta fuskar zahirin lafazi da manufar da ta sa aka gindaya sharaɗin, maganar Eso ta fi kwanta mini. Amma ta fuskar maslaha ba na iya zargin sauran, domin ga mutum ya ba abokin karawarsa ratar ƙuri'a sama da 770,000, ya cika rubu'i a jiha 12 inda wancan ya cika a 6, ga kuma ƙasa tana tsaye a bakin ƙofar fita daga mulkin soja. Laifin yana wuyan alƙalamin da ya rubuta sulusani bai tsaya ya raba 19 gida uku ya ga abin da zai saura ba. Ba a kuwa daddara ba, gama a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, bayan jihohi sun zama 36 lissafi ya daina karyewa, sai ga tsohuwar "and" ta dawo, ana jayayya ko ambaton Abuja bayan wannan wawun aɗafi yana mai da ita sharaɗi na daban ko kuwa a cikin jeri take, har Kotun Ƙoli ta yanke ranar 26 ga Oktoba cewa a cikin jeri take.

Lokacin shelar 1979 ina Kurfi wurin kawuna, ana cikin azumi, damina ta yi nisa. Bayan la'asar dattawa suka taru a gindin bedi suna sauraron Rediyon Kaduna, a cikinsu akwai wani malami wanda duk yankin in gado ya rikice shi ake kira ya raba. Da aka karanta masa bayanin sau biyu, sai ya share ƙasa mai danshi da tafin hannunsa, ya ja layi 19 da tsinke, ya ce wannan ai inkisari ne, asalin mas'ala bai rabu ba, sai an gyara ta. Ya buga 19 sau uku ya sami 57, ya ce sulusani sahami 38 ke nan, jiha 12 sun ɗauke 36, saura sahami biyu daga cikin ukun Kano. Kawuna ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ke nan lauyan ya yi daidai." Malam ya soke layi 12 ɗaya bayan ɗaya, ya tsai da tsinken a kan na goma sha uku, ya ce, "Tsaya tukuna, Alhaji. In gona ce ko saniya, ana ƙimanta ta a raba kuɗin, wannan kullum muna yi. Amma in shaidu shari'a ta nema, ban taɓa ganin an kawo wa alƙali sulusanin mutum ba. Ku tambayo mini wanda ya rubuta dokar nan, su jihohin dukiya ya ɗauke su, ko shaidu ne da za su shaidi cewa ƙasa ta yarda da mutum?" Wani tsoho ya ce, "Ai ɗan garin nan ne a ofishin, shi zai sani." Malam ya girgiza kai ya ce, "Shi ba shi ya rubuta ba, miƙa masa aka yi ya karanta." Ana cikin haka yara suka fara fitowa da kwanonin kunu da ƙosai, ladan ya hau, aka miƙe zuwa alwala, layi na goma sha uku yana nan a ƙasa da tsinken a tsaye a kansa.